Hoton Fim Da Hoton Dijital: Wanne Ya Fi Inganci, Wanne Ya Fi Araha?

A gidaje da yawa na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, idan aka buɗe tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe na uwargida, ba a rasa wani ɗan kati da aka naɗe cikin leda ko aka cusa tsakanin shafukan littafi. Hoto ne na ranar ɗaurin aure, ko na ranar da maigida zai tashi zuwa aikin Hajji, ko na ɗalibai sun jeru a gaban aji. Launinsa ya koɗe ya koma ja-ja, gefensa ya lanƙwashe, amma har yanzu ana iya ɗora yatsa a ce ga wane, ga wance. Sau da yawa hoton ya haura shekara 30, kuma shi kaɗai aka ɗauka a wannan rana. A cikin gidan nan dai za a iya samun saurayin da ya ɗauki hotuna fiye da ɗari a bikin ƙanwarsa shekara uku da suka wuce, amma in aka ce ya nuna ko guda ɗaya, sai ya ce ai wayar ta faɗa ruwa, ko an zare ta a kasuwa, ko kuma memorin ya daina buɗewa.

Hoton uwargida na fim ne, na saurayin kuwa na dijital. Tambayar da aka daɗe ana yi ita ce, wanne ya fi inganci, wanne kuma ya fi araha? Kafin a yanke hukunci ya kamata mai karatu ya san yadda kowanne ke aiki, domin daga nan ne bambancin kyau da bambancin kuɗi suka samo asali.

Tushensu guda ne

Duk wanda ya taɓa kwanciya da rana tsaka a ɗakin da aka rufe ruf, ya lura cewa idan akwai ƙaramar huda a jikin ƙofa, siffar masu wucewa a tsakar gida takan bayyana a bango, ƙafa a sama kai a ƙasa. Malamin nan na Basra, Ibnul Haisam, wanda ya rayu tsakanin wajen 965 zuwa 1040, ya yi bayanin wannan al'amari a littafinsa Kitabul Manazir, inda ya nuna cewa haske yana tafiya ne a miƙe, kuma daga abin da ake kallo yake tasowa ya shiga ido. Kowace kyamara, ta jiya da ta yau, ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu wanda aka sa wa gilashi a wurin huda. Abin da ya gagari mutane na ɗaruruwan shekaru shi ne yadda za a kafe siffar nan ta zauna.

Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ya ci nasarar yin haka wajen 1826, amma sai da allonsa ya shafe sa'o'i masu yawa yana kallon rana. A 1839 aka bayyana hanyar Louis Daguerre a birnin Faris, wadda ta yi amfani da azurfa. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ya ƙare sai a mayar wa kamfani da kyamarar, a biya dala 10, a wanke hotunan a sake ɗura sabon fim. Tun daga ranar aka aza harsashin cinikin fim: kyamara sau ɗaya ake saye, amma kowane hoto sai an biya.

Yadda fim ke kama hoto

Fim wata siririyar leda ce da aka shafe da jelatin, wato wani irin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. A cikin danƙon an barbaɗa miliyoyin ƙananan ƙwayoyi na gishirin azurfa, galibi wanda aka haɗa da sinadarin buromin. Idan haske ya faɗa kan ƙwaya, sai wasu 'yan zarrori kaɗan na azurfa su taru a jikinta. Ido ba ya ganin wannan canji, shi ya sa ake kiransa ɓoyayyen hoto. A ɗakin duhu ake tsoma fim cikin ruwan sinadari na farko, wanda ke mayar da duk ƙwayar da haske ya taɓa ta zama baƙar azurfa. Ruwa na biyu kuma ya narkar da ƙwayoyin da haske bai taɓa ba, don kada su yi baƙi daga baya. Abin da ke fitowa shi ne negatif, inda farar riga ta zama baƙa, baƙin gashi ya zama fari. Sai an haska negatif a kan takarda mai irin wannan shafe sa'an nan hoto ya koma daidai. Daga wannan tsome-tsome cikin ruwa ne Hausawa suka sami kalmar wankin hoto.

Fim mai kala yana da shafe hawa uku: ɗaya na jin shuɗin haske, ɗaya kore, ɗaya ja. A wajen wanki kowane hawa yana haifar da rini nasa, daga nan a cire azurfar gaba ɗaya a bar rinin kaɗai. Hanyar wankin da ta game duniya, wadda kamfanin Kodak ya fito da ita a 1972 da sunan C-41, tana bukatar ruwan sinadari ya tsaya a kan digiri 37.8 na ma'aunin zafi har tsawon minti 3 da daƙiƙa 15. In zafin ya gota ko da kaɗan ne, launi ya ɓaci. Wannan aiki sai da inji, da wutar lantarki mai tsayawa, da ruwa mai tsabta. Dalili ke nan da ya sa a da mai hoton ƙauye ke iya wanke baƙi-da-fari a ɗakinsa, amma mai kala sai ya kai birni kamar Zariya ko Kano ko Kaduna.

Yadda dijital ke kama hoto

A kyamarar dijital, wurin da fim yake zama an sa wani ɗan allo na silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi. An rarraba allon zuwa miliyoyin gurabu, kowane gurbi ana kiransa fiksal. Mai karatu ya kwatanta tsakar gida da aka jere kwanuka reras ana ruwan sama: bayan an ɗauke, in aka auna ruwan kowane kwano aka rubuta, za a san inda ruwa ya fi zuba. Haka kowane fiksal ke tara cajin lantarki gwargwadon hasken da ya faɗa masa, sa'an nan na'ura ta auna ta mayar da shi lamba. Saboda haka hoton dijital jerin lambobi ne, kuma ana iya kwafarsa sau dubu ba tare da ya ragu ba.

Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro irin wannan allo, mai suna CCD, a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1969, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2009. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kai kilo 3.6, fiksal ɗinta 10,000 kacal, kuma takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda a kan kaset. Shi allon ba ya bambance launi, don haka wani ma'aikacin Kodak, Bryce Bayer, ya tsara rufe kowane fiksal da 'yar matata mai launi: rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sauran launin da kowane fiksal bai gani ba, na'ura ce ke ƙiyasta shi daga maƙwabtansa. Allon da ke cikin wayoyin hannu, mai suna CMOS, ya bunƙasa ne daga aikin Eric Fossum da abokansa a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka a farkon shekarun 1990.

Ma'aunin inganci

Abu na farko da ake dubawa shi ne fitowar ƙananan abubuwa, kamar zaren aikin babbar riga ko zanen lalle. Masu buga hoto sun daidaita a kan cewa ɗigo 300 a kowane inci sun ishi idon mai riƙe da kati a hannu. Bisa wannan lissafi, katin inci 4 da 6 yana bukatar fiksal 1,200 sau 1,800, wato miliyan 2 da 'yan kai. Na inci 8 da 10, irin wanda ake sa wa firam a rataye a falo, yana bukatar miliyan 7.2. Masana sun sha bamban a kan yawan fiksal da fim mai faɗin milimita 35 zai yi daidai da su, amma yawancin ƙiyasi yana tsakanin miliyan 6 zuwa 20, gwargwadon irin fim da kyawun gilashin kyamara. Kyamarorin dijital na farko ba su ko kusa ba. Kodak DCS 100 ta 1991 tana da miliyan 1.3, Nikon D1 ta 1999 kuma miliyan 2.7. A wancan zamani fim ne sarki. Amma kafin ƙarshen shekarun 2000 manyan kyamarorin dijital sun kamo shi, har sun wuce.

Sai dai yawan fiksal da ake rubutawa a kwalin waya yana iya ruɗin mai saye. Girman hoto guda a kan fim milimita 24 ne da 36. Allon wayar talaka kuwa bai fi ƙwayar wake ba, ya gaza fim da ninki talatin ko fiye. In aka cusa fiksal miliyan 50 a ɗan wannan wuri, kowanne zai zama ƙanƙane, hasken da yake tarawa kaɗan ne. Abin da ke rufa wa waya asiri shi ne lissafi: takan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa su, ta goge dishi-dishi, ta ƙara kaifin gefe. Shi ya sa hoton waya ke yin kyau a fuskar waya, amma in aka buga shi babba sai fatar mutum ta fito sumul kamar an shafa mata kakin zuma.

Abu na biyu shi ne jure haske mai ƙarfi. Wannan matsala ce ta ƙasarmu musamman, domin a filin Idi ko wajen ɗaurin aure za a ga mutum baƙi cikin farar shadda, rana kuma tana tsakiyar ka. Negatif yana da haƙuri da yawan haske: ko an ba shi ninki biyu ko huɗu na abin da ya kamata, mai wanki zai iya ceto aikin rigar. Shi kuwa fiksal, kamar kwano ne, in ya cika ya cika, duk abin da ya ƙaru zubewa yake yi, sai rigar ta fito fari fat ba zare ba aiki. Wannan ya daɗe yana zama raunin dijital, ko da yake allunan zamani sun rage shi ƙwarai.

Abu na uku shi ne duhu, kuma a nan dijital ya yi wa fim fintinkau. Kashi kaɗan ne cikin ɗari na hasken da ya faɗa kan fim yake amfani, alhali allo mai kyau yana amfana da fiye da rabi. Fim ɗin da aka fi sayarwa yana da lambar saurin jin haske 100 ko 200 ko 400, kuma in an ɗura shi ba a canzawa sai ya ƙare. Kyamarar dijital tana iya tashi daga 100 zuwa dubbai tsakanin hoto da hoto. Kamun amarya da dare a ƙarƙashin ƙwan fitila guda, wanda a da sai da filasha, yanzu waya na iya ɗaukarsa.

Abu na huɗu shi ne launin fata. Tun daga shekarun 1950, katin gwajin da Kodak ke aika wa masu injin wanki don daidaita launi yana ɗauke ne da hoton Baturiya, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fito da kati mai mata masu launin fata dabam-dabam. Wata mai bincike ta ƙasar Kanada, Lorna Roth, ta nuna a 2009 cewa koke-koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fita sosai a hoto, suna cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke kama launin ƙasa-ƙasa. Wannan na daga dalilan da suka sa a tsofaffin hotuna da yawa fuska ke dushewa, ido da haƙora kawai ake gani. A dijital gyaran launi aikin lissafi ne, kuma kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da Itel, ya ja kasuwar Afirka da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata.

Lissafin kuɗi

A fim, kowane hoto yana cin kuɗi sau uku: kuɗin fim, kuɗin wanke negatif, da kuɗin kati. Ga mai hoton Makarfi ko Hunkuyi ko Paki akwai na huɗu, wato kuɗin mota zuwa birni da dawowa. Fim guda yana ɗaukar hoto 24 ko 36, kuma ba zai yiwu a buɗe kyamara a ciro guda ɗaya ba. Saboda haka wanda aka ɗauka a farkon fim dole ya jira sai an cika sauran, wani lokaci mako guda ko biyu. Shi kuma mai hoto bai san abin da ya ɗauka ba sai an wanko. In shida cikin 36 suka lalace, ko don wani ya rufe ido ko don hannu ya girgiza, kashi ɗaya cikin shida na jarin ya tafi, ga kuma jin kunyar mai biki, domin ba a sake ɗaura aure saboda hoto. A da, masu bukatar hoton fasfo na gaggawa sukan nufi mai akwatin katako mai ƙafa uku a bakin tasha ko ƙofar sakatariya, wanda ke wanke hoton a cikin akwatin nan take, ya miƙo shi da ɗanyen ruwa.

Bugu da ƙari, fim da takarda da sinadari duk daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta yi ta faɗuwa, har a tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati ya tsaya wajen naira 22, a kasuwa kuwa ya haura 80. Farashin azurfa ma yana taka rawa, domin a ƙarshen shekarun 1990 sana'ar hoto tana lashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na azurfar da duniya ke amfani da ita. Lokacin da azurfa ta yi tashin gwauron zabo zuwa kusan dala 50 a kan oza a Janairun 1980, farashin fim ya bi ta.

Dijital ya juya wannan lissafi. Kuɗinsa a gaba yake, wajen sayen na'ura, bayan nan ɗauka kusan kyauta ce. Kodak DCS 100 an sayar da ita wajen dala 20,000. A ɗauka fim guda da wankinsa dala 10 ne: sai mutum ya ƙarar da fim 2,000, wato hoto 72,000, kafin ya mayar da kuɗinsa. Babu mai hoton da zai yi wannan ciniki sai manyan jaridu. Amma daga baya farashin na'urorin lantarki ya yi ta sauka. A yau katin memori mai gigabait 32 yana iya ɗaukar hoto wajen 8,000 in kowanne megabait 4 ne, daidai da fim fiye da 220. Ga shi kuma ana ganin hoto nan take, a goge maras kyau a sake, a buga wanda aka zaɓa kawai.

Kasuwar duniya ta yanke nata hukunci. Kamfanin AgfaPhoto na Jamus ya durƙushe a 2005. Kodak ya daina yin shahararren fim ɗinsa Kodachrome a 2009, bayan shekara 74, sa'an nan a Janairun 2012 ya nemi kariyar kotu saboda bashi, alhali a ɗakin bincikensa aka haifi kyamarar dijital. Su ma kyamarorin dijital ba su tsira ba. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna an fitar da kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar.

Yadda canjin ya iso gida

Wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya a Agustan 2001, kuma cikin 'yan shekaru ta ratsa garuruwan da ba su taɓa ganin wayar tangaraho ba. Daga baya hukumomi suka koma karɓar hoto ta kwamfuta. A rajistar masu zaɓe ta farkon 2011, an ɗauki hoton kowa nan take da 'yar kyamarar da aka jona da kwamfuta. Rajistar lambar banki ta BVN ta fara a 2014, hukumar JAMB kuma ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015. Ɗalibin da ke neman shiga makarantar kiwon lafiya ta Makarfi ko Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a da zai sayi hoton fasfo takwas ya manna a fom, yanzu hoto guda yake ɗorawa a intanet. Da hoton fasfo ya ragu, ginshiƙin cinikin mai hoto ya karye. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: wasu suka sayi kwamfuta da na'urar bugawa, wasu suka koma ɗaukar bidiyon biki, wasu kuma suka bar sana'ar.

Akwai kuma wata riba ta dijital da ba ta shiga lissafin naira, wato sauri. A 2016 tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta afka wa gonakin tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu. Manomin tumatir a Ikara, ko na rake a Makarfi, ko na inabi a Kudan, in ya ga baƙon tabo a ganye, yau yana iya ɗaukarsa ya tura wa malamin gona ko masanin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kafin ya bar gonar. Da fim ne, kafin a cika shi a kai birni a wanko, ɓarna ta riga ta auku.

Kuɗin da ba a lissafawa

Saura ma'auni guda, wanda shi ne hoton uwargida ya tayar, wato ɗorewa. Negatif na baƙi-da-fari da aka wanke da kyau azurfa ce zalla, yana iya haura shekara 100. Seydou Keïta, mai hoto a Bamako, ya yi aiki a shagonsa daga 1948 zuwa farkon shekarun 1960, ya adana dubban negatif. A farkon shekarun 1990 aka sake buga su manya-manya, aka baje su a manyan biranen duniya, kowane zaren atamfa yana fita. Negatif ba ya bukatar caji ko manhaja. Ɗaga shi sama kawai za a yi a gani.

Amma fim ma yana da maƙiya, kuma ƙasarmu ta tara su. A ƙa'idar kimiyyar sinadarai, ƙarin digiri 10 na zafi yakan ninka saurin lalacewa kusan sau biyu, ga shi kuwa ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu tanderu ne. Hoto mai kala rini ne kawai, kuma rinunan uku ba sa koɗewa tare, shi ya sa hotunan shekarun 1970 da 1980 ke komawa ja-ja. Laimar Agusta tana kawo fumfuna ta manne kati da kati, ƙurar hunturu tana karce negatif, gara kuma ba ta raina takarda. In tsohon negatif ya fara wari mai tsami, alama ce ledar kanta ta fara ruɓewa.

Hoton dijital ba ya koɗewa, amma mazauninsa ba shi da tabbas. Memori yana riƙe bayani ne da ɗan cajin da ke tsiyaya a hankali, zafi kuma yana ƙara saurin tsiyayar. Faifan CD da aka ƙona a shago yana da rinin da ke lalacewa. Waɗanda suka adana hotuna a faifan fulofi a shekarun 1990, yau da wuya su sami na'urar da za ta karanta shi. Hoton da aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, an matse shi an rage girmansa, kuma sau da yawa wannan ragaggen ne kaɗai ke saura. Wanda ya ajiye a intanet kuma yana bukatar data, da lambar sirri da zai tuna, da magajin da ya san ta. Bambancin shi ne, kati yana tsufa a hankali a gaban mai shi, yana ba shi shekaru ya yi wani abu, fayil kuwa lafiya lau yake har ranar da zai ɓace ɗungurungum.

Ke nan fim yana karɓar kuɗinsa tun a farko ya bar wa mutum abu a hannu, ko ya so ko bai so ba. Dijital yana yafe kuɗin ɗauka ya bar wa mutum nauyin adanawa, nauyin da yawancin mutane ba su san sun ɗauka ba.

Abin da ya kamata a yi

Babu mai hankalin da zai ce a koma fim. Ko da yake Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018 saboda masu sha'awa, fim ya zama kayan marmari mai tsada, kuma injunan wankinsa sun yi ƙaranci. Ta fuskar araha, da sauri, da aiki cikin duhu, dijital ya yi nasara, ta fuskar kaifi kuma babbar kyamarar dijital ta wuce fim mai milimita 35. Abin da ya rage shi ne a ari ɗabi'ar zamanin fim a haɗa da na'urar yau.

Bayan kowane biki ko suna ko saukar karatu, a zaɓi hotuna biyar ko goma a kai a wanko su a kan takardar hoto ta ainihi. A rubuta sunayen mutane da wuri da shekara a bayan kati da fensir, domin tawadar biro tana ratsawa. A ajiye katunan a wuri mai sanyi da duhu, nesa da bango da ƙasa, kuma a guji yi wa hoto tilo laminatin, domin zafi da gam ɗin ba sa warwaruwa. Fayilolin kuma a ajiye su wuri uku: a waya, a wata ma'ajiya dabam, da kuma wajen wani ɗan'uwa ko a intanet, a riƙa sabunta ma'ajiyar bayan 'yan shekaru. In za a tura hoto mai muhimmanci ta WhatsApp, a tura shi a matsayin dokumen don ya isa da girmansa. Tsofaffin hotunan adaka kuwa, a fito da su a ɗauke su da waya a inuwa mai haske, ba tare da filasha ba, tun dattawan da za su iya faɗin sunayen mutanen ciki suna raye.

Katin hoto goma bai kai kuɗin ɗinkin ashobi guda ba, kuma shi ne jikoki za su tarar a adaka bayan an manta da sunan wayar da ta ɗauke shi. Hausawa dai sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.